Labaran duhun zuciya a wayoyin 'yan Zango: adabi ne ko alamar ciwo?

Yarinyar da ta zauna ta rubuta labarin wata mai jego da ke jin murya a kanta tana ce mata ta saki jaririnta a bahon wanka, marubuciya ce ko kuwa mai neman agaji? Wanda ya karanta fa, ƙaruwa ya yi ko ƙofa ya buɗe wa Shaiɗan? Gardamar da ake yi ke nan a tsakar gidaje da majalisun shayi a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, unguwannin Zango na Akara da kewayenta a Ghana, tun da irin waɗannan gajerun labarai suka fara yawo a WhatsApp da Facebook, wasu a rubuce, wasu an karanta su da murya an ɗora a TikTok. Babu soyayya a cikinsu, babu biki, galibi ma babu aljanin da ake gani da ido. Mutum ɗaya ne da zuciyarsa, zuciyar tana cin sa.

Iyaye da yawa sun tsorata, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu sun ce kwaikwayon Turawa ne, wasu sun ce raunin imani ne, wasu kuma sun ce duk mai iya tsara irin wannan to a duba shi, akwai abin da ke damun sa. A nawa ganin, rikicin ya taso ne daga cakuɗa labarin da marubucinsa, sannan aka cakuɗa su biyun da ainihin ciwon da labarin ke magana a kai. Sai an raba su za a gane inda amfani yake da inda haɗari yake.

Wane irin labari ake nufi?

Tsoron da muka tashi da shi na tatsuniya ne. Dodo yana bakin rafi, yarinya mai taurin kai ta je ɗiban ruwa, ya haɗiye ta, daga baya a farke cikinsa ta fito. Abin tsoron yana waje, yana da jiki, ana iya kashe shi. Finafinan Kumasi da na 'yan sakawa, masu neman kuɗi ta damfarar intanet da tsafi, da muka sha kallo a kaset ma haka suke: saurayi ya kwana a akwatin gawa, maciji ya yi masa aman kuɗi, fatalwa ta biyo shi, fasto ko malam ya zo ya kore ta. Ka razana a zaune, kafin ka kai ƙofar gida ka manta.

Wanda ake gardama a kansa ba ya aiki haka. Abin tsoron yana cikin mai labarin ne: laifin da ya binne, hassadar da ya kasa kashewa, baƙin cikin da bai sami inda zai sauke ba, ko wani tunani da ke dawo masa ko ya kore shi sau dubu. Ga misalin yadda ake gina irinsa.

Wata mata a gidan haya a Nima ita ce uwar adashi. Kwasar maƙwabciyarta ta zo, sai ta ce mata ta yi haƙuri zuwa mako mai zuwa, alhali ta riga ta juya kuɗin a sarin atamfa. Kafin mako ya zagayo maƙwabciyar ta kwanta ciwo, aka yi ta neman kuɗin asibiti ba a haɗa da wuri ba, ta rasu. Babu wanda ya san maganar kuɗin sai su biyu. A gidan, sharar tsakar gida bi da bi ake yi, kuma Talata ce ranar marigayiya. Talatar farko bayan sadakar bakwai, tun kafin assalatu, uwar adashi ta ji ƙarar tsintsiya a ƙofar ɗakinta. Ta ɗaga labule, ba kowa, amma ƙasa a share tas. Sai ta fara tashi tun ƙarfe uku don ta riga mai sharar, ba ta taɓa riga ta ba. Ta ɓoye duk tsintsiyoyin gidan a ƙarƙashin gadonta. Ta koma ƙirga kuɗin adashi dare da rana, kullum tana samun rarar daidai abin da ta riƙe. A shafin ƙarshe 'yarta ta farka za ta zagaya, ta tarar da uwar a tsakar gida, ido a rufe, tana shara, tana kiran sunan kanta da kanta tana cewa, "Ki ba ni kuɗina."

Marubucin bai ce akwai fatalwa ba, bai kuma ce babu ba. Bai sa malami ya shigo ya warware ba. Abin da ya bar wa mai karatu shi ne nauyin riƙe haƙƙin wani, kuma ya sa ka ɗanɗana shi daga ciki, a matsayin mai laifin, domin galibin waɗannan labarai da "na" ake ba da su: na ji, na leƙa, na ɓoye. Nan ne babbar dabarar take. Mai ba ka labarin ba abin dogaro ba ne. Yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, kai kuma kana ganin ɓarakar da shi ba ya gani. Tun kana yarda da shi har ka fara shakka, daga nan ka fara tambayar kanka abin da kai ma kake ɓoye wa kanka.

Gajartar ma da dalili. Ba a iya riƙe mai karatu cikin irin wannan ƙunci na shafi ɗari uku, sai ya gaji ko ya saba. Shafi biyar zuwa goma sun isa, kuma sun dace da fuskar waya da kuɗin data.

Kayan aro ne daga Turawa?

Siffar da ake gani yanzu, gajeren labari da bakin mai laifi, gaskiya ne a Amurka da Turai ta fi yin suna. A 1843 Edgar Allan Poe ya fitar da labarin wani mutum da ya kashe tsohon da suke gida ɗaya saboda kawai ƙwayar idonsa tana tayar masa da hankali, ya ɓoye gawar a ƙarƙashin katakon daɓe, 'yan sanda suka zo suka zauna suna hira ba su zargi komai ba, amma shi yana jin bugun zuciyar mamacin yana ƙaruwa, har ya tona wa kansa asiri. A 1892 Charlotte Perkins Gilman ta rubuta na wata mata da mijinta likita ya killace ta a ɗaki bayan ta haihu, ya hana ta aiki da rubutu da sunan hutu, har ta fara ganin wata mace a tsare bayan zanen takardar bango. Duk wanda ya san yadda wasu masu jego ke shiga wani hali a cikin kwana arba'in, ya san wannan labarin ba na Turawa kaɗai ba ne.

Amma tushen maganar ya riga su zuwa gidajenmu. Duk yaron da ya yi makarantar allo da ƙarshen Alƙur'ani ya fara, kuma a nan yake neman tsari daga mai waswasi a ƙirazan mutane. A Suratul Ma'ida, aya ta 30, da aka zo kan kisan farko a bayan ƙasa, ba a ce wani dodo ya kama ɗan Annabi Adamu ba, cewa aka yi ransa ne ya sauƙaƙa masa kashe ɗan'uwansa, sannan ga shi tsaye da gawa bai san yadda zai yi da ita ba har hankaka ya nuna masa, ya wayi gari cikin masu nadama. A Suratu Yusuf 'yan'uwa ne hassada ta kai su ga jefa ƙaninsu a rijiya, suka dawo wa uba da kukan ƙarya da riga mai jini, kuma a surar ce, aya ta 53, aka ambaci rai mai yawan umarni da mugun aiki. Suratul Ƙiyama ta yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa. Ba ina daidaita ƙissar Alƙur'ani da ƙagaggen labari ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna cewa leƙa cikin zuciyar mai laifi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Malamai ma sun yi rubutu a kai: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya yi littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya ware babi ga baƙin ciki da babi ga tunani mai naci, ya kuma kawo hanyoyin magance su.

A adabin Hausa na boko ma akwai shi tun farko. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930 tare da su Ruwan Bagaja, labarin mutum ne da mai kuɗi ya raba shi da wadda zai aura, ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman ramuwa, masifar ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Littattafan soyayya na Kano ne suka mamaye kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, har mutane suka ɗauka adabin Hausa dole ya ƙare da ɗaurin aure.

Me ya sa yanzu, kuma me ya sa a Zango?

Wanda bai zauna gidan haya a Nima ba zai yi mamakin a ce mutum yana kaɗaici a wurin. Ɗaki da rumfa, iyalai goma ko fiye a gida ɗaya, banɗaki ɗaya ana layi da bokiti, bango siriri har tarin maƙwabci kana ji. Kowa ya san abin da ka dafa, ya san ranar da ba ka ɗora tukunya ba. Amma wannan cunkoson ne ke sa a rufe baki gam, domin abin da ka faɗa da safe a bakin famfo zai riga ka zuwa kasuwar Nima. An kuma tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ba ya kuka. Mace ta yi haƙuri. In ka ce ranka a ɓace yake ba tare da dalili ba, amsar ita ce ka gode wa Allah, wasu suna asibiti. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta cire abin da ke ƙirji.

Kuma abubuwan da ake haɗiyewa sun yi yawa a 'yan shekarun nan. Akwai samarin da suka bi hanyar Agadas zuwa Libiya, suka dawo ba su kai Turai ba. Duniya ta ga hoton cinikin mutane a Libiya da CNN ta nuna a watan Nuwamba na 2017, amma abin da ɗan unguwarku ya gani a sahara shi kaɗai ya sani. Akwai waɗanda suka tsira daga ambaliya da gobarar gidan mai a Circle, cikin Akara, ranar 3 ga Yuni 2015, inda fiye da mutum 150 suka rasu, waɗanda har yau in hadari ya haɗu jikinsu rawa yake. Akwai tramol, wadda maganarta ta cika gidajen rediyo a 2017 da 2018, kuma ba ta tafi ba don an rage maganar. Ga zaman banza bayan an gama makaranta, ga abokinka yana ɗora hotonsa daga Jamus ko Amurka kana kallo a waya.

Ka duba yadda marubuci zai ɗauko ɗaya daga ciki. Wani saurayi ya dawo daga Libiya, yana zuwa majalisa kullum da yamma, yana dariya da kowa, amma in aka miƙo masa kofin shayi sai ya ce ya ƙoshi. Ba wanda ya taɓa ganin ya sha ruwa a gaban mutane. Da dare yakan sayi ruwan leda biyu, ya sha ɗaya a ɓoye, ya ajiye ɗaya a bakin ƙofa. Sai can ƙarshe muke gane cewa a sahara, lokacin da motarsu ta lalace, ya shanye ragowar ruwan abokinsa yana barci. Mahaifiyar abokin kuma tana nan a layinsu, kullum in ya wuce sai ta ce, "Ɗana, har yanzu bai kira ka ba?" Shi kuma ya ce, "Mma, sai dai addu'a." Wannan ba zai taɓa faɗuwa a majalisa ba. A labari kuwa yana faɗuwa, kuma wani da ke ɗauke da irin wannan kaya zai karanta a ɗakinsa ya san ba shi kaɗai ba ne. Wannan shi ne amfanin da nake kare wa irin wannan rubutu, kuma ba ƙaramin amfani ba ne.

Waya ce ta ƙarasa aikin. Da can sai ka sami maɗaba'a da kuɗin bugu da wanda zai yarda ya sayar. Yanzu ɗaliba za ta rubuta a daren da aka ɗauke wuta, ta sa sunan aro, kafin asuba mutum ɗari sun karanta.

Hujjojin masu suka

Ba duka masu sukar ne ke magana cikin rashin sani ba, kuma hujjojinsu ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta fuskar addini, suna kawo hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu muddin ba su aikata ba ko ba su furta ba. Sai su ce, to rubutawa ai furtawa ce, me zai sa a fito da abin da aka ce a bar shi ya wuce? Masu karewa kuma suna kawo wani hadisin na Muslim, inda sahabbai suka je wurin Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman su furta, bai kore su ba, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, wato ƙyamar da suke yi wa tunanin. Hukunci na malamai ne. Abin da na lura da shi kawai shi ne, labarin uwar adashi ba ya kwaɗaita wa kowa cin amana. Wanda ya gama shi, in akwai kuɗin wani a hannunsa, barci zai yi masa wuya. Akwai kuma labaran da ke ƙawata mugunta, su mai da mai yankan mutane gwarzo, su daɗe suna siffanta jini don daɗin siffantawa. Waɗannan ko da ba a kawo hadisi ba, rubutu ne maras kyau.

Hujjar tonon asiri ma tana da ƙarfi a wuri kamar namu. In ka rubuta labarin mai waken da ke kusa da wani masallaci, mai 'ya'ya huɗu, mijinta direban tirela, ko ka canja suna kowa ya gane ta. Marubucin da ya kwashi ciwon maƙwabciyarsa ya watsa ba tare da ya sauya kamanni ba ya ci naman ta, ko da ya kira abin adabi.

Wadda ta fi damuna ita ce ta kwaikwayo. Tun da marubucin Jamus Goethe ya fitar da littafinsa a 1774 kan saurayin da ya kashe kansa saboda soyayya ake maganar masu bin sawu, kuma bincike na zamani ya tabbatar cewa yadda ake ba da labarin kisan kai yana iya tura mai rauni. A birnin Biyana na Ostiriya, bayan an ba 'yan jarida ƙa'idoji a 1987 suka daina zuzuta labarin masu faɗawa gaban jirgin ƙasa, adadin masu yin hakan ya ragu sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, tana ba masu rubutu da masu shirya fim shawarar kada su bayyana hanya dalla-dalla, kada su nuna abin a matsayin mafita ko hutu. Marubucin da ya rubuta sunan magani da adadin ƙwayoyi a labarin da 'yan shekara goma sha huɗu za su karanta a waya, ba jarumta ya yi ba. Ana iya sa mai karatu ya ji zurfin ramin ba tare da an zana masa hanyar shiga ba.

Sai kuma wata illa da masu sukar ba su cika ambata ba, ni kuwa ina ganin ta a labarai da yawa: mai da mai taɓin hankali sabon Dodo. An cire aljani, an sa "mahaukaci" a gurbinsa, shi ke laɓe da wuƙa. Alhali mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ne ma ake cutarwa, a jefe su, a ɗaure su, a ƙi auren 'yan gidansu. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, in na gama labari na ji tausayin mutumin kuma na ga kaina a cikinsa, ya yi aikinsa. In na gama ina jin tsoron bawan Allahn da ke kwana a bakin babbar kwata, to an ƙara masa kaya ne.

Aljani ne ko ciwo?

Nan ne labari da rayuwa suke rabuwa, kuma nan na fi so a tsaya a yi tunani. A labari, barin tambayar a buɗe gwaninta ce. A gida kuwa, barin ta a buɗe na iya cin rai.

Musulmi ya yi imani da samuwar aljanu, Alƙur'ani ya ambace su, ruƙiyya kuma tana da asali. Amma abubuwa da yawa da muke jinginawa gare su likitoci sun san su da magani. Dannau, inda mutum zai farka ya kasa motsi ya ji kamar an zauna masa a ƙirji, yana faruwa ne idan hankali ya farka jiki bai gama fita daga matakin barcin mafarki ba, kuma ƙarancin barci da damuwa suna ƙara shi. Mai jego da ta daina barci, take surutai, take jin muryoyi ko take ƙin jaririnta, tana iya kasancewa cikin wani ciwo da ke kama mace ɗaya zuwa biyu cikin dubu bayan haihuwa, yana buƙatar asibiti cikin gaggawa kuma ana warkewa. Matsananciyar damuwa bayan haihuwa ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba, tana kama fiye da mace ɗaya cikin goma. Mai waswasin da zai maimaita alwala sau ashirin har lokacin salla ya fita yana kuka, shi ma ciwonsa sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ka ƙirga mutanen gidanku.

Abin da ke hana zuwa asibiti sananne ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na Akara tun 1906 yake, na Ankaful tun 1965, na Pantang tun 1975, kuma sunan kowannensu ya zama abin zagi a bakin yara. Iyali sun gwammace su kai ɗansu wani wuri a ɓoye. A 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure marasa lafiya da sarƙa a wasu sansanonin addu'a a ƙasar nan, a shekarar ce kuma aka kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846, sannan a 2017 hukumar da dokar ta samar ta sanar da haramta ɗaure mutane. Mun kuma ga inda tsoron da ba a fahimta ba yake ƙarewa idan aka nemi wanda za a ɗora wa: a watan Yuli na 2020 aka kashe tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, a Kafaba, bisa zargin maita, mutane na tsaye suna kallo.

Saboda haka ba na ganin ruƙiyya da likita a matsayin kishiyoyi. A yi addu'a, a kuma je a ga ma'aikacin lafiya, kuma ba sai Pantang ba, manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da sashen da ake ganin irin waɗannan marasa lafiya su koma gida a ranar. Labari mai kyau yana taimakawa a nan ta hanyar da wa'azi da sanarwar rediyo ba sa iyawa. Surukar da ta karanta abin da ke gudana a kan mai jego daga ciki, da wuya gobe ta ce wa matar ɗanta iskanci ne ko son jiki.

Marubucin kansa yake faɗa?

Galibi a'a. Mai rubuta labarin ɓarawo ba ɓarawo ba ne, kuma iya shiga zuciyar wani a fito da ita a takarda baiwa ce da ke buƙatar nutsuwa da gyara da sake gyara. Da yawa cikin masu wannan rubutu lafiyarsu ƙalau, kunne ne da su da ido.

Amma wani lokacin e, kuma bai kamata a kawar da kai ba. Abin dubawa shi ne rayuwar yaron, ba shafin kaɗai ba. Ya daina cin abinci? Ya janye daga abokai, ya bar makaranta ko wurin koyon sana'a, ba ya barci, yana rabar da kayansa, yana cewa ya zame wa kowa nauyi? In ga waɗannan ga kuma rubutun da kullum yake ƙarewa da mutuwar mai kama da shi, to maganar ta wuce adabi.

Yadda ake tunkarar sa ne ke raba gyara da ɓarna. Uwa ta tsinci labarin a wayar 'yarta, ta ɗaga murya: "Ke, wace ce wannan mai son kashe ɗanta? Ni kike nufi ko ke?" Yarinya ta ce, "Mma, wallahi labari ne kawai." Aka ƙwace waya, aka kira kawu, kafin dare gida duka ya ji. Ko akwai abin da ke damun ta, ta rufe ke nan. Da uwar ta bari sai sun keɓe, ta ce, "Na karanta abin da kika rubuta, ya taɓa ni. Ke ma kina jin irin haka wani lokaci?" da ta sami ɗayan biyu, ko dai 'ya mai baiwa da ta ji daɗin an karanta ta, ko 'ya mai ciwo da ta sami bakin magana. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta dasa masa tunanin, masana sun daɗe da tabbatar da haka. Dokar ƙasa ma ta sauya: a watan Maris na 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka wanda ya kai ɗansa asibiti ba hannun 'yan sanda ya kai shi ba.

Da wane harshe za a rubuta?

Akwai wani ƙalubale da ya keɓanta da mu. Hausa ce harshen gida da kasuwa da wa'azi a Zango, gidan rediyon ƙasa ma yana labarai da ita, amma ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati a Ghana. Yaro zai tashi yana mafarki da Hausa, in ya ɗauki alƙalami sai Turanci. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi, da Turanci ya fitar da tarin gajerun labaransa The Prophet of Zongo Street a 2005. Ba littafin tsoro ba ne, amma ya nuna cewa mai shayi da 'yan layinmu sun isa a yi adabi da su har duniya ta karanta. Sai dai tsohuwar da aka yi labarin da irinta ba za ta iya karantawa ba.

Ga irin wannan rubutu, asarar ta fi yawa, domin muryar da ke damun mutum da tsakar dare da harshen uwarsa take masa magana. "Ki ba ni kuɗina" in aka juya ta zuwa Turanci ta rasa rabin dafinta. Shi ya sa nake ganin masu karanta labaransu da murya sun fi kusa da hanya: suna yi da Hausarmu ta Zango yadda take, da 'yan kalmomin harsunan Tuwi da Ga da suka shige ta, kuma wadda ba ta yi boko ba tana saurara tana tankaɗe. Masu son rubutawa kuma ƙa'idar rubutun Hausa ba ta fi ƙarfin mai waya ba, ga littattafai da jaridun Najeriya da Nijar a intanet. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don gajerun labaran mata ta nuna cewa masu karatu suna karɓar labarai masu ɗaci, na fyaɗe da gudun hijira da ciwon zuciya, ba na soyayya kaɗai ba. Labarin da aka rubuta daga gidan haya a Mamobi, da sharar bi da bi da layin banɗaki da uwar da ke jiran kira daga Libiya, babu wani a Kano ko Zariya da zai rubuta mana shi.